Ɗakin Tsutsar Namwan

Litinin, da hantsi

Na gama zagayen layinmu kafin rana ta take. Randa, randa, randa. Tun da damina ta sauka ba ni da aiki sai leƙa randunan mutane da tocila, har yara sun laƙaba min Gwaggo Tocila. Ko a jikina. Shekara da shekaru ina sa wannan shuɗiyar riga ta 'yan sa-kai na kiwon lafiya, kuma ban taɓa jin kunyarta ba.

A gidan maƙwabciyata Buafan na samu 'ya'yan sauro a tsohuwar taya bayan kewaye, suna wutsil-wutsil abinsu. Na kira ta na nuna mata. Ta ce, "Lamduan, ke dai ba a raba ki da tonon asiri. Randa kin leƙa, taya kin leƙa, saura ki haska min baki ki gani ko akwai sauro a ciki."

Na ce, "Bakin da ba ya hutawa, ina sauro zai samu sukunin yin ƙwai a ciki?"

Ta kawo min duka da ludayi, na goce. Na kifar da ruwan tayar, na jefa mata ƙullin yashin magani mai kashe 'ya'yan sauro a randar wanka.

Malama Orawan, nas ɗin ɗakin shan maganinmu, ta ce an kwantar da yara biyu daga ƙauyen ƙetaren gada. Zazzaɓin dengi. Ta ce mu ƙara ƙaimi. Karatun dai shi ne na kullum: sauron dengi yana da fari-fari a ƙafa, da rana yake cizo, a ruwa mai tsabta yake haihuwa. A rufe, a kifar, a sauya. In zazzaɓi ya kama mutum, ranar da zafi ya sauka ita ce ranar tsoro. Ko daga barci aka tashe ni zan karanto shi ba tuntuɓe.

Talata, da yamma

Tsutsotsin siliki na 'yata Namwan sun tashi daga barcinsu na biyu, ci suke kamar an aiko su. Daga tsakar gida ana jin ƙarar cinsu, shuuu, kamar yayyafi a kan kwano.

Wannan ne karon farko da innata, wadda duk gari ke kira Kaka Tongbai, ta sakar wa jikarta ɗakin tsutsar siliki ita kaɗai. Yarinyar tana ta ɗaga kai kamar an ba ta gwamna. Shekararta sha takwas, ta gama makaranta, kuma ta rantse da zarenta za ta saƙa wa babanta ɗamara kafin ya dawo daga Taiwan. Da asuba tana gonar itacen mon tana tsinko ganye, tunda ba sa cin komai sai shi. Da safe tana ɗakin, da yamma tana ɗakin.

Dokokin ɗakin ba su sauya ba tun zamanin kakar innata. Baƙo ba ya shiga. Ba hayaƙi, ba turare, ba a shafa mai a jiki. Labule a sauke, ƙafafun kantar gora suna tsaye a cikin ƙoƙunan ruwa don kada tururuwa ta hau. Ni kuwa an kore ni gaba ɗaya, wai hannuna yana warin yashin magani. Ba a gidanmu kaɗai ba, duk gidan da na shiga, ɗakin tsutsa a rufe yake a gabana. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba, don ni ma da na yi kiwo haka nake yi wa mutane.

Na ga ƙaurinta duk tabon susa. Na miƙa mata man korar sauro. Ta ce, "Mama, so kike ki kashe min 'ya'ya?"

Inna ta ce, "Rabu da ita. Uwarki tun da aka ba ta rigar nan take ganin kanta likita."

Alhamis, da la'asar

An yi taro a rumfar dagaci. Dagaci Kamsing ya ce motar feshi za ta shigo ranar Asabar, kowa ya buɗe ƙofa da taga. Bai rufe baki ba mata suka yi masa caa.

Buafan ce ta miƙe. "Ranka ya daɗe, ka taɓa ganin tsutsar da ta shaƙi hayaƙin nan ta kwana? Shekarar da aka yi mana shi ba shawara, har ganyen mon sai da ya zama guba. Gida nawa ne a garin nan ba su da tsutsa a faifai yanzu? Saura mako biyu su hau saƙa ƙwanson siliki. Mako biyu kacal!"

Dagaci ya ce umarni ne daga gunduma. Wata ta ce gundumar ta zo ta saƙa mana zane. Aka yi ta dariya. Malama Orawan ta yi bayani a hankali, ta ce har yanzu ba wanda ya kamu a garinmu, saboda haka ba za ta tilasta ba, amma ita dai ba ta so a jira. Ta ce feshi manyan sauro yake kashewa, na cikin ruwa kuwa aikinmu ne.

Sai Buafan ta juyo kaina. "Ga Lamduan nan. Ita ce mai tocila, kuma gidanta akwai tsutsa. Ke ki faɗa musu, akwai randar da ba ki leƙa ba a layinmu?"

Babu. Gaskiya na faɗa, babu.

Aka ce a ɗaga hannu. Ba zan rubuta su wa da wa suka ɗaga ba. An ɗage feshi sai bayan saƙa.

A hanyar dawowa Namwan ta rungumo ni ta baya, abin da ta daina tun tana aji shida.

Asabar, da safe

Ruwa tun jiya. Motar feshi ta wuce ta bakin titi zuwa ƙetaren gada, ba ta shigo ba.

Lahadi, da rana tsaka

Mijina Prasit ya kira daga Taiwan a lokacin hutunsa. Ya rame, ko kuwa wayar ce. Namwan ta ɗauke wayar ta kai bakin ƙofar ɗakin, ta ɗan yaye labule ta nuna masa fayafayan. Ya ce, "Kai, waɗannan ai sun fi ni samun abinci."

Ta ce, "Baba, auna ƙugunka ka aiko min. Kada ka rage, na san halinka."

Mun ci kwaɗon gwanda da shinkafa mai danƙo. Inna ta zambaɗa barkono har sai da na yi hawaye. Na rubuta wannan ne don rana ce mai daɗi.

Talata, da yamma

Namwan ta dawo daga gonar mon tana rawar sanyi. Ta ce kanta ne, da bayan idanunta. Ruwa ne ya doke ta jiya, na gaya mata ta ɗauki lema ba ta ji ba.

Ruwan ne.

Laraba, da hantsi

Na goya ta a babur zuwa wurin Malama Orawan. Jikinta a bayana kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Malama ta ɗaure mata damtse, ta jira, ta kwance, ta daɗe tana duba fatar. Ba ta kalle ni ba da take magana.

"Yaya Lamduan, ba sai na gaya miki ba. Farasitamol kaɗai, kada a ba ta garin maganin ciwon kai na kanti. Ta yi ta shan ruwa. Gidan sauro dare da rana, don kada sauro ya cije ta ya kai wa wani. Ki dawo da ita kullum. In zafin ya sauka..."

Na ce, "Na sani."

Ta ce, "Na san kin sani."

Daga ina? Abin da nake ta tambayar kaina ke nan. Randunanmu a rufe suke ruf. Na hau na duba indararo, na duba bayan firji, na duba kwalbar furen da ke gaban hoton babana. Ko ɗaya. Wataƙila a kasuwar ƙetaren gada ta samo, ta je can sayen zare makon jiya. Can ne. Mutanen can ba su san tsabta ba.

Alhamis, da yamma

Na dawo daga zagaye na tarar gidan sauro ba kowa. Tana ɗakin tsutsa, a durƙushe, tana barbaɗa ganye. Na tsaya a bakin ƙofa ina yi mata tsawa, don ko a lokacin ban shiga ba. Ta ce, "Kaka ba ta iya ba, yawa take zuba musu."

Inna ta ce, "Ji mara kunya. Ina kiwon tsutsa tun uwarki ba ta san hanyar kewaye ba."

Prasit ya kira. Na ce masa mura ce.

Juma'a, da rana

Zafi. Amai. Zafi. Ta ce ƙasusuwanta kamar ana daka su a turmi. Malama ta ɗebi jini, ta ce bai yi ƙasa sosai ba tukuna, amma gobe da jibi ne abin dubawa. Buafan ta miƙo ruwan kwakwa ta katanga, ta ce, "Gaya wa amaryar tsutsa ta tashi, ragwanci ya isa haka."

Ina jin tsoro. Ba wanda zan gaya wa, don ni ce mai gaya wa mutane kada su ji tsoro.

Asabar, da yamma

Zafin ya sauka da hantsi.

Goshinta sanyi ƙalau. Ta zauna, ta ce tana sha'awar kunun shinkafa. Inna ta yi ta murna tana tafa hannu, ta aika aka kira tsoho Sawai mai kiran kurwa, wai ciwo ya firgita kurwar yarinya, a kira ta gida a ɗaure. Kafin in ankara an jera ganyen ayaba da dafaffen ƙwai da farin zare, maƙwabta sun cika tabarma.

Na ce, "Inna, bari in kai ta Malama ta gani tukuna."

Ta ce, "Haba Lamduan! Mutane sun taru, dattijo ya zauna, sai ki ɗauke ta ki bar mu da ƙwai a hannu? Ba ga ta nan tana dariya ba? Ki bar yarinya ta warke mana."

Tana dariyar kuwa. Tsoho Sawai ya ja baƙinsa, zo gida kurwa, zo gida, kowa ya ɗaura mata zare har wuyan hannunta ya cika. Buafan da take ɗaurawa ta ce, "Ki samu lafiya, ki samu miji mai mota, kada ki gaji bakin uwarki." Ni ma na ɗaura. Hannun ya yi sanyi da yawa. Na ce a raina iskar damina ce.

Da aka watse, ɗakin shan magani ya riga ya rufe. Ta kwanta, ta ce cikinta yana ɗan ciwo a nan dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Ta ce ƙwan ne. Kunun ma ba ta sha ba.

Gobe da sassafe. Gari na wayewa za mu tafi.

Lahadi, da hantsi, asibitin gunduma

Da ta wanke baki ruwan ja ne. Ta kasa miƙewa. A a-kori-kurar dagaci muka zo, kanta a cinyata.

Likitan yaro ne, bai girme ta da yawa ba. Ya tambaya yaushe zafin ya sauka. Na ce jiya. Ya ce jiya da yaushe. Na ce da hantsi. Ya dubi agogon bango, sannan ya dubi rigata. Da ita na fito, ita ce a kusa da hannu.

Na cire ta a kewaye na cusa a jaka.

Litinin, da safe, babban asibitin birni

Sun turo mu nan. Ƙarin ruwa a hannu biyu. Sun yanke zaren na hannun hagu don su samu jijiya, nas ɗin ta ba ni a leda da ladabi.

Ana barina in shiga sau biyu a rana. Sauran lokacin ina kan benci a baranda tare da wasu iyaye. Wata mata daga Surin ta tambaye ni, "Ke ma dengi?" Na ce e. Ta ce, "Mu a garinmu 'yan sa-kan nan ba sa komai, sai yawo da riga." Na ce haka suke ko'ina.

Na kira Prasit. Ban ce mura ba wannan karon. Ya ce, "Tun yaushe?" Kowa tambayarsa ke nan.

Talata, da la'asar, gida

Na dawo ɗaukar kaya. Na tarar da Malama Orawan a tsakar gida da tocilarta, don doka ce in aka kwantar da mutum a binciki gidansu da na kewaye. Ta duba randuna, ta duba indararo, ta duba duk inda na duba. Ta ce, "Gidanki ya fi ɗakin shan maganina tsabta."

Sai ta tsaya a gaban labulen.

Inna ta tare ƙofar. "'Yata, nan baƙo ba ya shiga. Sun kusa hawa saƙa, ko warin sabulunki suka ji za su bar cin abinci."

Malama ta ce, "Kaka, ba zan taɓa komai ba."

"Na ce ba a shiga."

Ni na shiga. Na ɗaga innata gefe da hannu biyu, ita da ban taɓa ɗaga wa murya ba. Ɗakin duhu, da ɗumi, da ƙanshin ganye. Ban kai tsakiya ba na ji cizo a idon sawu. Na durƙusa na haska ƙoƙon da ke ƙarƙashin ƙafar kanta.

Baƙi ƙirin yake da 'ya'yan sauro. Na haska na biyu, na uku, na huɗu. Na haska na ɗaya kantar. Ruwa garai-garai, wanda Namwan ke ƙarawa da hannunta in ya ja baya, ba a taɓa zubarwa ba don kanta cike da fayafayi ba ta ɗaguwa.

A waje Malama ta tambaya a hankali, "Gida nawa ke da irin wannan?"

Na ce, "Duka."

Ta ce ɗan gishiri ko ɗigon mai a ciki ya isa, tururuwa ba za ta haye ba, sauro ba zai haihu ba. Ɗan gishiri. Muna da buhu guda a kicin.

Inna ta zauna a ƙasa a bakin ƙofar. Ta ce, "Uwata haka take yi." Ta maimaita ya fi a ƙirga. Ban rarrashe ta ba. Ba ni da abin rarrashin kowa.

Laraba, da hantsi

Motar feshi ta shigo da sassafe. Wannan karon ba taro, ba ɗaga hannu, don an kwantar da wani mutum daga layin kasuwa ma. Farin hayaƙi ya rufe gari har ba a ganin rufin gidan ibada.

Mata sun yi ƙoƙari. Wasu sun toshe tagogi da jiƙaƙƙen zane, wasu sun gudu da fayafayi gona a ka. Bai hana ba. Kafin in fita neman mota tsutsotsin Namwan sun fara murɗewa suna aman ruwa kore. Jikinsu ya riga ya fara haske, alamar gobe ko jibi za su hau.

Buafan ta tare ni a bakin ƙofa da faifai a hannu. Ta juye min shi a gaban ƙafa.

"Ga su nan, Gwaggo Tocila. Haska ki gani. Kin ce ba randar da ba ki leƙa ba, muka yarda da ke. Ashe a ɗakinki ake kiwon abin. Da an yi tun farko da mun san asarar 'yan ƙanana muka yi, yanzu wata guda na wahala ya tafi a banza."

Ban ce mata ƙoƙunanta ma haka suke ba. Na tsallake na wuce. Ta bi ni da murya, "Yaya jikin yarinyar?" Ban juya ba.

Laraba, da yamma, asibiti

Ta farka. Fuskarta ta kumbura, cikinta ma, numfashi da ƙyar. Amma ta gane ni.

"Mama."

"Ga ni."

"Sun hau?"

Na ce, "Sun hau."

"Duka?"

"Duka. Ba inda za ki sa yatsa."

"Wane launi?"

"Rawaya. Kamar gwaiduwar ƙwai."

Ta lumshe ido, ta yi ɗan murmushi. "Ki ce wa Kaka kada ta taɓa. Ni zan dafa, ni zan ja zaren."

"Ke za ki ja."

Na zaci ta koma barci. Sai ta ce, "Kin ga da an yi feshin nan da duk sun mutu. Gara da kika ɗaga hannu, Mama."

Nas ta ce lokaci ya yi. Na fita. Na zauna a kan benci. Matar Surin ta miƙo min ayaba, na karɓa na riƙe har ta lallace a hannuna.

Alhamis, da safe

Sun ƙara mata jini. Sun ce ƙoda. Sun ce in kira mahaifinta.

Alhamis, da rana

Ranar da zafi ya sauka ita ce ranar tsoro. Gida nawa na faɗa wa haka? Har waƙa na yi wa 'yan firamare da shi.

Juma'a, da hantsi

Namwan ta cika. Sun cire robobin. Nas ɗin da ta ba ni leda ita ce ta taimake ni na taje mata kai.

Asabar

Prasit ya iso daga Bangkok a motar safe, da jakar da ya tafi da ita. Jirginsa ya sauka bayan komai ya wuce.

Bai tambaye ni komai ba. Da ma ya tambaya. Ya shiga ɗakin tsutsa, wanda yanzu ba labule ba kanta, ya zauna a ƙasa har rana ta yi sanyi. Inna ba ta cin abinci, ba ta kallon kowa. In na shigo ɗaki sai ta fita.

Lahadi, da yamma

An kafa rumfa a tsakar gida. Akwatin gawar yana ƙarƙashin bene, da fitilu masu ƙyalli a kewaye, da hotonta na gama makaranta. Ni na zaɓi hoton, don a cikinsa tana hararar mai ɗauka.

Mutane suna zuwa, suna cin abinci, maza suna karta a gefe kamar yadda aka saba. Matan da ba su gaishe ni ba tun ranar feshi duk sun zo da tukwanensu. Buafan ta shigo tun asuba ta kama murhu. Da rana ta ajiye min kwano a gaba, ta tsaya a kaina har na kai loma biyu.

Malama Orawan ta ce in huta, wata za ta riƙe layinmu. Ta ce kada in ɗora wa kaina. Mutumiyar kirki ce, amma ba ta san abin da take faɗa ba.

Ba na jin komai sai gajiya. Ina son 'yata.

Litinin, da la'asar

Yau aka kai ta gidan ibada.

Kafin a ɗauke ta sufaye huɗu suka zauna a kan dandamali, muka durƙusa a tabarma da hannu a haɗe. Babbansu ya karanto alkawura biyar muna amsawa, kamar kullum. Na farko, na ɗauki alkawarin ba zan kashe mai rai ba. Na amsa tare da kowa. Sannan suka shiga karatun mamaci, mai tsawon nan, kowa ya sunkuyar da kai.

Buafan tana gabana da jikarta Pui a cinya, 'yar shekara huɗu, tana barci da hannu a sake a kan tabarma. Ban ɗaga kai ba, idona ne kawai ya sauka a wurin. Sauro yana zaune a damtsenta. Fari-fari a ƙafa. Bayan duk hayaƙin nan.

Ban san lokacin da hannuna ya tafi ba. Ƙarar ta cika rumfar. Yarinyar ta farka ta tsala ihu, sufaye suka sarƙe a tsakiyar karatu, duk kai ya juyo. Wata tsohuwa ta ce, "Kai! A gaban sufaye? Yanzu fa ta amsa alkawari." Prasit ya kama gwiwar hannuna.

Buafan ta juyo da idonta jajur, ta buɗe baki. Na buɗe mata tafina. Jini ne, da yawa, ya riga ya ƙoshi. Ban sani ba ko nata ne kaɗai, ko ya fara shan na wani a garin nan kafin ya zo kanta.

Buafan ta dubi tafina, ta dubi damtsen yarinyar inda yatsuna suka kwanta. Bakin nan da ba ya hutawa ya rufu.

Na ce, "Ki sa mata ido mako guda. In jikinta ya yi zafi ki kawo min ita."

Ta gyaɗa kai.

Na ce, "In zafin ya sauka, kada ki neme ni. Kada ki nemi kowa. Ko wa ke zaune a tabarmarki, ki tsallake shi ki ɗauke ta ki tafi."

Ta matse yarinyar a ƙirji. Ta ce, "To, Lamduan."

Babban sufi ya gyara murya, ya koma farkon layin da ya katse.